“In Allah Ya Yarda”: Kalmar Da Aka Ce Mu Cire

Za mu ɗan ja ku da nisa, a yi mana haƙuri.

A watan jiya muka karanta wani gajeren labarinmu a zaman ƙungiyar marubuta, irin zaman nan na ƙarshen wata da kowa ke kawo abin da ya rubuta a feɗe masa shi. Labarin wata yarinya ce Kirista da mahaifiyarta. Da muka kai aya, wani yayanmu a harkar, wanda ya riga mu riƙe alƙalami da shekaru, ya ce labari ya yi, sai dai gyara ɗaya: mutanen ciki ba su yi kama da Kiristoci ba. Uwar tana cewa “Allah ya kiyaye,” tana cewa “in Allah ya yarda,” uban kuma yana zancen sujada da zakka. Ya ce mai karatu zai rikice, gara a ɗan sa musu Turanci a baki, ko a gurguntar musu da Hausar kaɗan, don a gane su tun daga shafin farko. Mutum uku suka gyaɗa kai.

Ba mu ji haushi ba. Ba da wata manufa ya faɗa ba, abin da ya saba gani ke nan: Kirista a labaran Hausa ko dai baƙo ne daga kudu mai sayar da kayan gyaran mota, ko kuma budurwa ce da za ta musulunta kafin babi na ƙarshe. Matsalar ita ce, uwar da ke cikin labarin nan mahaifiyarmu ce, kuma ba ta da wani yare a duniya sai Hausa. Kalmar da aka ce mu cire kuwa, a kanta aka yi rigimar da ta haifi labarin. Ranar baki ya yi mana nauyi, ba mu iya bayani ba. Shi ya sa muka kawo zancen nan.

Mu mutanen kudancin Katsina ne, ta wajen Malumfashi. Kakanmu Bamaguje ne, haifaffen gidan noma da tsafi. Ba wai bai san Allah ba. Ya san shi, da sunansa yake rantsuwa, amma a ganinsa Allah ya yi nisa da zancen gero da ciwon yaro, iskoki su ne na kusa. Su kuwa iskoki kowa da abin da yake so, wani jan zakara, wani baƙar akuya, in ka ba su su ba ka. Yana saurayi tabon kuturta ya fito masa, aka yi ta yanka har kaji suka ƙare a gidan, daga baya aka kai shi Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, inda 'yan mishan na SIM ke kula da masu wannan ciwo a lokacin. A can ya sha magani, a can ya koyi karatun boko, ya dawo gida da yatsu takwas da Littafi Mai Tsarki. Ƙanensa kuma ya musulunta a shekarun 1960, lokacin da Sardauna ke zagaya ƙauyuka yana kira zuwa Musulunci. Babbar yayarsu ta mutu a kan abin da ta gada. Haka gida ɗaya ya rabu hanya uku ba tare da an raba gona ba.

Babanmu ɗan wancan mai yatsu takwas ne, malamin firamare mai ritaya, dattijo a ikilisiyar ECWA ta garinmu. Baffanmu kuma ɗan wanda ya musulunta ne, yana da makarantar allo a ƙofar gidansa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Kafin mu shiga ainihin labarin, bari mu amsa wa yayanmu abin da muka kasa amsawa a zaman. Kalmomin nan ba jiya muka aro su ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma babban wanda ya sha wahalar aikin shi ne Likita Walter Miller, wanda ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna shekaru a cikin birnin Zariya kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Da shi da Hausawan da suka taya shi ba su ƙirƙiro wani sabon suna ba, Allah suka rubuta, kamar yadda Larabawa Kiristoci na Masar da Lebanon ke faɗa har gobe. Suka rubuta Ubangiji, Attaura, Zabura, annabi, mala'ika, addu'a. Da waɗannan kalmomi aka yi wa kakanmu baftisma, da su aka binne shi. Inda muka bambanta ma a bayyane yake a baki: ku ku ce Annabi Isa, mu mu ce Yesu Almasihu, kuma abin da ke bayan sunayen nan biyu ba ƙarami ba ne, za mu zo kansa. Sannan mu da muke kiran kanmu marubuta bai kamata mu manta ba, cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Duk wanda ya karanta shi a sakandare ya nuna mana shafin da Hausarsa ta yi ɗingishi.

To, yarinyar cikin labarin ita ce Auta, ƙanwarmu, ta ƙarshe cikin mu shida. Tun tana aji uku take cewa ita ma'aikaciyar jinya za ta zama. Sau biyu ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, sau biyu sunanta bai fito ba. Mu a lokacin mun gama difloma muna ta yawon neman aiki da takardu a leda, don haka babu wanda ya lura da lokacin da ta fara kwana da waya a hannu.

Abin da ta samu a TikTok wata koyarwa ce da za mu kira jawo rabo da tunani. Masu ita suna cewa tunanin mutum kamar maganaɗisu yake, abin da ka tsayar a zuciya shi ke zuwa maka. Ba sa cewa Allah, kuma ba sa cewa babu shi. Zancen sararin halitta suke yi, wani abu mai faɗi da ba shi da so ba shi da ƙi, aikinsa kawai ya miƙo maka abin da ka yi oda. Sharaɗin ɗaya ne: kada ka yi shakka, ka riƙa magana kamar abin ya riga ya shigo hannu. Har da lissafinsu, ka rubuta buƙatarka sau 3 da safe, sau 6 da rana, sau 9 da dare. Auta ta sayi littafin rubutu mai falle 60, ta shiga cika shi da jimla ɗaya: “Na gode, na samu gurbi.”

A yi adalci, abin ya yi mata wani amfani. Yarinyar da ta yi wata biyu ba ta buɗe littafi ba ta koma tashi da asuba tana karatu. Fuskarta ta washe. Mama har godiya ta miƙa a zumuntar mata.

Wata safiya, saura mako guda jarrabawa ta uku, Mama tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, “Bana kam sai ke, Auta, in Allah ya yarda.”

Auta ta dire bokitin da ke hannunta. “Mama, don Allah ki daina sa mini ‘in’ a cikin maganata. Wannan ‘in’ ɗin shakka ce. Ita ke korar abu.”

“Yau kuma sunan Allah ne ke korar abu?”

“Ba sunan ba, ‘in’ ɗin. Ki ce na samu kawai.”

Mama ta dube ta, ta ci gaba da tankaɗenta. Mu da ke gefe dariya ma muka yi, ganin mai hana faɗin “in Allah ya yarda” da “don Allah” ta buɗe roƙonta. Da mun san inda abin zai kai, da mun haɗiye dariyar.

Kuma kada mu yi ƙarya, ƙorafin Auta yana da tushe. Duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki ana saura kwana goma Sallah ko Kirsimeti ya san akwai “in Allah ya yarda” da ma'anarta ita ce kada ka sa rai. Wanda ka biyo bashi yana fakewa da ita, ɗan siyasa yana fakewa da ita. Tsararmu ta gaji da jin ta daga bakin waɗanda ba su da niyyar yin komai. Wanda ya zo ya ce maka rabonka yana hannunka, ba sai ka jira kowa ba, dole maganarsa ta yi zaƙi a kunnen wanda ya shekara uku yana jira.

Sunaye suka fito, babu nata. Ta shigo gida, ba ta yi kuka ba, ta tsaya a kan Mama ta ce, “Ai na gaya miki.” Mama ba ta ce uffan ba, amma daren nan muna jin juyinta har asuba.

Zargin bai daɗe a kan Mama ba, ya juyo kan mai shi. Auta ta shige ɗaki kusan mako biyu, abinci sai an yi da gaske. Da muka samu ta buɗe baki, ba ta yi zancen tambayoyin jarrabawar ba, ba ta yi zancen yawan masu nema da ƙarancin gurbi ba. Cewa ta yi akwai daren da barci ya sace ta ba ta rubuta taran nan ba, akwai kuma ranar da ta hango wata ƙawarta cikin farin kaya, gabanta ya faɗi, ta ji a ranta anya kuwa. “Yaya, ni na kore shi. Zuciyata ce ba ta da kyau.”

Baba ne ya tsinci littafin. Ya juya shafi bayan shafi, ya ce, “Wannan ai bori ne, sai dai shi ana sa masa caji.” Ya ce a miƙo ashana, zai yi masa yadda mahaifinsa ya yi wa layu da ƙahonni bayan ya dawo daga Babbar Ruga.

Mun daɗe muna juya maganar nan ta Baba, kuma a ganinmu rabinta ce daidai. Gaskiya ne duka biyun ciniki ne, ka yi kaza a ba ka kaza, can zakara, nan jimla tara. Amma tsafin kakanmu ya fi wannan tausayi. In an yanka akuya yaro bai tashi ba, akwai inda za a ajiye laifi: iskan ya yi fushi, ko boka bai iya ba, ko wani maƙiyi ya riga ka zuwa. Mutum yana da abokin faɗa a waje. Kuma ba shi kaɗai yake ba, dangi ne ke taruwa a yi yankan, a ci naman tare, a koma a yi jinyar tare. Wannan sabuwar kuwa ta kulle yarinya 'yar shekara 21 a ɗaki ita da waya, ta ce mata babu mai bayarwa babu mai hanawa, sai ke. In an samu, koyarwa ta yi aiki. In an rasa, ke ce kika yi shakka. Ta wace ƙofa za a bi a kama irin wannan da laifi?

Ba a ƙona littafin ba, saboda abin da Auta ta faɗa daga bakin ƙofarta. “Baba, ni fa ba a waya na fara jin wannan ba. A taron farkawa na fara ji.”

Ta tuna mana wani taro da aka yi a filin ƙwallo shekaru uku baya, ba na ikilisiyarmu ba ne, amma duk mun je, har da Baba. Baƙon mai wa'azi ya ce bakin mai bi yana da iko, abin da ka furta shi za ka karɓa, kuma wanda ke sa sharaɗin yardar Allah a addu'arsa bangaskiyarsa ba ta nuna ba. Aka rarraba ambulan na shuka iri. Auta ta zuba kuɗin gyaɗar da ta soya ta sayar duk hutun nan. Baba ya tsaya da ashana a hannu, can ya mayar da ita aljihu.

Gaskiyarta. Kayan nan ba daga sama ya faɗo mana ba. Tun 1952 wani fasto a Amurka, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafinsa The Power of Positive Thinking, wanda ya cakuɗa ayoyi da dabarun saita tunani don samun nasara. Littafin The Secret na Rhonda Byrne, 'yar Ostireliya, wanda ya fito a 2006 ya baza zancen jawo rabo a duniya, shi ma ayar Linjila mai maganar roƙo da bangaskiya ya jawo ya kafa hujja da ita. Wato wani ɓangaren kayan ta ƙofar coci ya fita, ya zaga duniya, aka kankare masa sunan Yesu, ya dawo ta waya, mu kuma muka tashi muna ihun baƙo ya shigo. Mu Kiristocin ƙasar Hausa mun iya nuna wa bori yatsa, mun ƙware a muhawara da maƙwabtanmu Musulmi, tun muna makarantar Lahadi ake shirya mu. Wannan da ya yi kama da mu, yake tafe da ayoyinmu a aljihu, shi ne ba a shirya mu a kansa ba.

Ana cikin haka Kirsimeti ta zo. A gidanmu ɗan Baffa ne ke yanka akuyar Kirsimeti tun muna yara, don su ma su ci, kamar yadda cinyar ragonsu ke tsallako katanga ranar Babbar Sallah. Da yamma Baffa ya shigo gaisuwa, aka shimfiɗa musu tabarma shi da Baba. Ya tambaya ina Auta, Baba ya kwashe komai ya gaya masa, har da zancen ambulan, wanda ba mu zaci zai faɗa ba.

Baffa ya sa aka kira ta. “Zo nan, 'yata. Aka ce kin hana uwarki faɗin in Allah ya yarda?”

Ta sunkuyar da kai. Bai yi mata faɗa ba. Ya yi salati, ya ba ta labarin da yawancinku kun fi mu saninsa, na lokacin da mutanen Makka suka kawo wa Annabi Muhammadu (SAW) tambayoyi, ya ce zai ba su amsa gobe, wahayi ya yi jinkiri kwanaki, har ayoyin Suratul Kahfi suka sauka da umarnin a riƙa jingina zancen gobe ga yardar Allah. Ya ce, “To ni da ke su wane ne? Karatu naki ne, ki yi shi iya ƙarfinki. Bayarwa ba taki ba ce. Wanda ya ce miki duka biyun naki ne ya ɗora miki kayan da jaki ma zai durƙushe.”

Baba ya ɗauko tabarau, ya buɗe Wasiƙar Yakubu sura 4, inda aka tsawata wa 'yan kasuwar da ke tsara tafiyar shekara guda da ribar da za su ci, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Baffa ya ce madalla. Sai Baba ya wuce zuwa lambun Getsamani, daren da aka kama Yesu, inda ya yi addu'a har sau uku a ɗauke masa abin da ke gabansa, yana mayar da zancen ga nufin Uba. “Kuma ba a ɗauke ba, Auta. Gari na wayewa aka kai shi gicciye. Za ki ce zuciyarsa ce ba ta da kyau?”

Baffa ya ɗaga hannu. “To Yaya, nan muka rabu. Ka san mu ba mu yarda an gicciye Annabi Isa ba. Allah ya tsare bawansa.”

“Na sani, Malam.”

“Na san ka sani. Na faɗa ne don yarinya ta ji a bakina.”

Suka yi shiru. Mama ta kawo kunun gyaɗa ta ajiye a tsakiya.

Sun fi shekara 40 suna cijewa a daidai wannan wurin, babu wanda ya matsa taku ɗaya, kuma ba mu kawo labarin nan don mu ce duk ɗaya ne ba. Ba ɗaya ba ne. Baffa yana tsaye a kan ƙaddara da tawakkali, bawa ya miƙa wuya ga hukuncin Ubangijinsa. Baba yana tsaye a kan gicciye. A bangaskiyarmu ceto ya biyo ta addu'ar da aka amsa da a'a, kuma wanda aka ce wa a'a ɗin Ɗan Allah ne, maganar da Baffa ba zai taɓa karɓa ba, shi ma Baba ba zai taɓa saki ba. Abin da muka gani a tabarmar nan shi ne, duk da wannan rata, su biyun sun yarda akwai Mai nufin kansa wanda yake iya hanawa, kuma hanawarsa ba shaida ba ce cewa mai roƙo ya lalace. A nan Auta ta fashe da kuka, karo na farko tun da sunaye suka fito.

Daga baya ne muka gano cewa 'yar Baffa ce ta fara tura mata bidiyon, ita ma da nata littafin a ƙarƙashin katifa. Baffa ba ya Facebook, a rufa mana asiri.

Wannan shi ne abin da muka so rubutawa, kuma mun yarda labarin bai kai ba. Da ya kai, da yayanmu ya ji nauyin kalmar maimakon ya gan ta kamar tuntuɓen alƙalami. Wannan gyaran namu ne, muna kansa. Amma maganin ba shi ne a cusa wa Mama Turanci a baki ba. 'Yan uwa, in za ku sa Bahaushe Kirista a labari, ku nemi ɗaya ku sha shayi da shi, ko ku tsaya kusa da tagar majami'ar da ake sujada da Hausa ranar Lahadi, ku ji 'yan zumuntar mata da tulunsu da kacau-kacau. Za ku ji baiko, za ku ji jibin Ubangiji, za ku ji alheri da wata ma'ana da ba ku saba da ita ba. Ku bar shi ya yi gardama da baffansa ba tare da kun tilasta wa ɗayansu faɗuwa a babi na ƙarshe ba. Mu ma bashin yana kanmu, don a namu ɓangaren akwai wasannin kwaikwayon matasa da Musulmi ba ya fitowa sai in zai tsananta wa wani ko zai tuba, kuma mun tafa musu.

An sake buɗe sayar da fom. Auta ta saya, karo na huɗu, da kuɗin gyaɗa. Littafin nan yana nan, sauran fallayen baya ta mayar da su na lissafin ciniki. Ba ta ce ta bar koyarwar ba, mu ma ba mu tambaye ta ba, wani lokaci da dare muna jiyo muryar matar nan ta waya daga ɗakinta. Wadda ta fi tsaya mana a rai Mama ce. Shekaranjiya Auta za ta fita shagon intanet ta cike fom ɗin, ta leƙa madafa ta ce, “Mama, na tafi.”

Mama ta ce, “To, a dawo lafiya. Bana kam...” Sai ta tsaya, ta kama bakin zaninta tana gyara ɗaurin da bai kwance ba.

Auta ta tsaya a zaure, hannunta a kan ƙofa, ba ta fita ba. Mu ma muka dakata da wankin da muke yi.

Can Mama ta ce, “Ki sayo mini magi na ɗari in za ki dawo.”